Ɗalibin Kujerar Baya

Shafi na 23

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta fita daga guruf, ta dawo, ta sake fita don in ji haushi sau biyu. Yi haƙuri 'yar'uwa, dawo ki zauna. Ki gyara zama ma, don yau asirin wani zai tonu.

*

"Yaya! Yaya, zo da gudu!"

Auta ce ke ƙwala kira daga ɗan ɗakin ajiyar gidan yayarta. Nan ta kafa teburinta tun da ta bar koyarwa a makaranta ta koma koyar da mutane ta waya. Barguna biyu ta rataye a bango don kada muryarta ta riƙa amsawa. Takan kunna naɗar fuskar wayarta, tana dannawa tana bayani, duk inda yatsanta ya taɓa ɗalibi na gani. Su ma ɗaliban haka suke aikin gida: kowa ya naɗi fuskar wayarsa yana yin abin da aka koya, ya turo mata ta duba.

Yaya ta leƙo, ko kayan asibiti ba ta cire ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Lafiya? Gobara ce?"

"Ta fi gobara. Zauna."

"Auta, yanzu na dawo daga aiki, ƙafafuna ba nawa ba ne."

"Ki zauna na ce! Kin tuna Mai Kujerar Baya?"

Yaya ta ja tsaki tana dariya.

"Wa zai manta shi? Kullum da labarinsa kike cika mana kunne. Ɗalibinki marar hoto, marar suna, mai rubutu da manyan baƙaƙe kamar yana faɗa da mutum."

"Shi fa."

"Wanda aikinsa na farko ya naɗo miki rufin ɗaki da ƙasan tebur don bai san inda ake kashewa ba?"

"Shi ɗin dai. Yanzu kuma duk ajin babu kamarsa. Wannan makon na ce kowa ya naɗo aikinsa haɗe da murya. Sai ya rubuto min wai, MALAMA MURYATA BA TA DA DAƊI A YI MIN UZURI. Na ce to. Ashe da yake bin darasin daki-daki ya kunna makirfon, ya manta bai kashe ba."

"To sai me? Muryar mace ce?"

"Kalli kawai."

Auta ta danna. Yaya ta matso kusa da wayar.

Fuskar wayar ɗalibin ta bayyana. Ya buɗe wurin hotuna, a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ya zaɓi hoto. Ya sa masa suna. Ya juya shi ya zama fayil. Babu kuskure ko ɗaya. Ana jin numfashinsa ƙasa-ƙasa, da ƙarar fanka daga nesa.

"Kai, ya iya," in ji Yaya.

"Shiii! Ga shi nan!"

Sai ga saƙo ya sauko daga saman wayar ɗalibin.

*Mamana: Baba ka sha maganin safe? Kar ka ce min ka manta.*

Yatsa ya zo ya ture saƙon sama. Sai murya, murya mai kauri, wadda su biyun suka tashi suna ji tun kafin su san sunansu:

"Na sha, na sha. Kai yarinyar nan! Ki bar mutum ya yi karatu mana."

Takalmin da ke hannun Yaya ya faɗi ƙasa.



Sai ta kurma ihu.

"BABA?!"

"Baba!"

"Babanmu?!"

"Akwai wani mai kirana Mamana a duniyar nan? Ga saƙon a wayata, ni na tura masa da safe!"

"Mayar baya! Mayar baya in sake ji!"

Suka sake ji. Suka kuma sake ji. A na ukun Yaya ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba, dariya ta hana ta numfashi. Auta kuwa ta rasa wanne za ta yi, kuka ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

"Baban da ya ce danne-dannen waya ba sana'a ba ce!" in ji Yaya. "Baban da ya ce ba a gidansa za a yi wannan wasan yara ba, har kika kwaso barguna kika dawo min nan!"

"Shi fa."

"Amma ya aka yi ba ki gane lambarsa ba?"

"Sabon layi ne. Ban taɓa ganinsa ba."

Kwatsam Auta ta dafe kai da hannu biyu.

"Na shiga uku."

"Me kuma?"

"Yaya, kin san abubuwan da na faɗa wa mutumin nan? Akwai aikin da na mayar masa na ce ya sake, ya sake na kuma mayar masa. Na ce in bai nutsu ba zan mayar da shi ajin 'yan koyo!"

"Wayyo cikina!"

"Ran da ya fara yin daidai kuma na tura masa tauraro, na rubuta masa, yauwa yaron kirki, Allah ya yi maka albarka!"

Yaya ta kwanta a ƙasa gaba ɗaya.

"Me ya ce?"

"Ya ce AMIN MALAMA."

Sai da suka yi mai isarsu, sannan Yaya ta tashi tana share ido. Fuskarta ta ɗan sauya.

"Amma tsaya. Baba ba ya yin abu don nishaɗi. Mutumin da ko lambar waya sai an danna masa, me zai sa ya sayi layi a ɓoye ya shiga aji?"

Auta ta dube ta. Dariyar ta tafi.

"Yau aikin yamma yake. Yana gida."

"Ɗauko mayafinki."

*

A mota Yaya na tuƙi, Auta na ta karanto tsofaffin saƙonnin Mai Kujerar Baya da ƙarfi.

"Ji wannan. MALAMA WANNAN ƊAN KIBIYAR INA YA TAFI."

"Allah sarki."

"Ji wani. MALAMA KI RIƘA CIN ABINCI KAFIN DARASI MURYARKI TA YI ƘASA YAU."

Yaya ta kusa taka birki a tsakiyar titi.

"Kuma ba ki gane ba?! Wane ɗalibi ne zai damu da cikinki?"

"Na ɗauka dai dattijo ne mai tausayi!"

"Ai kuwa dattijo ne mai tausayi. Naki."

Wani mai babur ya danna musu ham, Yaya ta ɗaga masa hannu ko kallonsa ba ta yi ba.

Sun tarar da Umma a tsakar gida tana shanya. Tana ganinsu tare, da rana tsaka, idanu jajir, sai ta tsaya da rigar Baba a hannu tana ɗigar ruwa.

"Lafiya kuka faɗo min kamar an koro ku?"

Auta ba ta ko gama gaisuwa ba.

"Umma, wane ne Mai Kujerar Baya?"

"Wa ya faɗa muku?"

Tana faɗa ta kama bakinta.

"Umma!" suka haɗa baki.

"Ni ban ce komai ba. Tambaya na yi."

"Da ke aka haɗa baki ke nan!"

Umma ta waiga wajen ɗan shagon Baba da ke ƙarshen gida, ta rage murya.

"Ku rufa min asiri. Ni na sayo layin. Ni nake tsaron ƙofa in zai yi aikin gida. In na ji sallama sai in yi tari, shi kuma ya tura wayar ƙarƙashin tabarma."

"Shi ya sa duk zuwan da zan yi sai in tarar kina tari!" in ji Yaya. "Har magani na kawo miki!"

"Yana nan cikin kwaba, ban taɓa ba."

Auta ta kama hannunta.

"Amma me ya sa, Umma?"

Umma ta matse rigar, ta rataya, ta daɗe tana gyara ta a kan igiya.

"Wannan bakinsa ne zai faɗa. Ku dai shiga a hankali. Abin ba na dariya ba ne duka."

*

Baba na zaune a kan ɗan bencinsa, ya kwance wata fankar maƙwabta, tabarau a ƙarshen hanci, sukuddireba a hannu. Ma'aikacin lantarki ne a masana'antar roba tun kafin a haifi Auta, in yana gida kuma ba ya iya zama hannu sake.

Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba.

"Ke malamar asibiti, ba ki je kin kwanta ba? Ke kuma Mamana, yau babu danne-dannen ne?"

Yaya ta cije leɓe. Auta ta matso.

"Akwai, Baba. Wani aikin ɗalibi ne ya ɗaure min kai, na ce bari in kawo maka ka taya ni dubawa."

"Ni? Ina ruwan biri da gada? Me na sani a harkarku?"

"Ka dai duba."

Ta ajiye wayar a kan benci, kusa da filaya, ta danna.

Baba ya kalla ta saman tabarau. Hoton farko na fitowa sukuddireban ya tsaya cak a hannunsa. Saƙon ya sauko. Muryar ta fito.

*"Na sha, na sha. Kai yarinyar nan..."*

Ya ɗauki ƙyalle ya fara goge fiffiken fanka, fiffiken da ya riga ya goge.

"Wannan ɗalibi naki ya iya aiki," ya ce.

"Sosai, Baba. Ka san shi?"

"Ina zan san shi?"

"Muryar fa?"

"Muryoyi suna kama. Duniya da faɗi."

"Shi ma yana da 'ya mai suna Mamana?"

"Mutane da yawa suna da uwa."

Daga bakin ƙofa Umma ta saki wani tari, na gaske wannan karon, don dariya ce ta shaƙe ta.

Auta ta ɗauki wayarta.

"To bari in kira shi in yaba masa."

"A'a, kar ki dami bawan Allah, ƙila yana wurin ai..."

Ta riga ta danna.

Aljihun gaban rigar Baba ya ɗauki ruri.

Babu wanda ya motsa. Wayar na ta kuka a ƙirjinsa, yana kallon fanka, fanka na kallonsa.

"Kashe," ya ce a hankali.

Ta kashe.

Ya cire tabarau, ya murza ido, sannan ya harari ƙofa.

"Ke kuma mai tsaro, ina tarin yau?"

"Sun shammace ni, Malam."

Sai ga Baba yana dariya. Ƙaramar dariya ce, ta cikin hanci, amma ta buɗe ƙofa. Yaya ta fashe, Umma ta fashe, Auta ta durƙushe ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka tana dariya.

"Baba, na ce maka yaron kirki!"

"Kin faɗa."

"Na ce zan mayar da kai ajin 'yan koyo!"

"Ranar ko abinci ban iya ci ba. Tambayi uwarki."

"Ka yafe min!"

"Me zan yafe? Aikin bai yi kyau ba. Ni ma yaran da na koya wa aiki haka nake musu. Tashi, kina jiƙa min wando."

Ta tashi zaune a ƙasa, ta share fuska da gefen mayafi.

"Baba, me ya faru?"

Ya daɗe yana jujjuya sukuddireba a hannu.

"An canja mana tsari a wurin aiki," ya ce. "Da, in inji ya tsaya, a aiko a kira ni, in je in gyara, shi ke nan. Yanzu ta waya ake turo aiki. Ka buɗe, ka karɓa, ka ɗauki hoton gyaran, ka tura. Sun ce kowa zai zauna jarrabawa a kan waya ƙarshen watan nan. Wanda ya faɗi, a sallame shi da godiya."

Yaya ta zaro ido.

"Sallama? Bayan duk shekarun nan?"

"Da godiya, na ce." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ki duba ikon Allah. Rayuwata duka a kan waya na yi ta, ja da baƙa da koriya, ko ido rufe na san wadda ke ɗauke da wuta. Yau kuma waya ce za ta kore ni daga aiki, wannan ta aljihu."

"Ba su koya muku ba?"

"Sun kawo wani saurayi mai taye. Yana magana kamar ana binsa da bulala. Na ɗaga hannu na ce ɗan nan, koma baya kaɗan. Sai na ji yaran da na koya wa riƙe filaya suna ƙyalƙyala a bayana. Daga ranar ban sake ɗaga hannu ba."

Auta ta matso kusa da shi.

"Na dawo gida rai a ɓace, na tarar uwarki na kallon wani abu a waya. Na ji murya na cewa, kar ku ji tsoro, waya ba ta cizo, in kun ɓata sai mu sake. Na ce wannan ai muryar Mamana ce. Na zauna don in ga shirmen da kike yi." Ya dubi Umma. "Kafin bidiyon ya ƙare na tura hoto da hannuna. Na tura wa uwarki hoton ƙafata."

"Yana nan, ban goge ba," in ji Umma.

"Abin da ya burge ni," Baba ya ci gaba, murya ta fara ɗagawa, "in ban gane ba sai in mayar da ke baya. Ki sake faɗa. In kuma mayar da ke. Ko sau nawa ne, ba kya gajiya, ba kya dariya. Mai taye kuwa wa ya isa ya mayar da shi baya?"

"To me ya hana ka faɗa min? Da na zo har nan na zauna da kai!"

"Da wane bakin? Wanda na ce ba sana'a ba ce da shi?" Ya mayar da tabarau. "Kuma da kin san ni ne, da kin riƙa lallaɓa ni. Ni kuwa ba lallami nake nema ba, iyawa nake nema."

Ya nuna ta da sukuddireba.

"Tunda ma asiri ya tonu, bari in faɗa miki. Darasin nan na haɗa fayil, kin yi sauri a tsakiya. Kuma yatsanki na rufe ɗan akwatin da ake dannawa. Ki sake shi."

"To, Baba."

"To, ɗalibi, za ki ce."

Aka sake kwashewa da dariya.

Sai ya laluba aljihu ya ciro wayar, fuskarsa na haske kamar yaron da aka saya wa keke.

"Ku matso ku ga wani abu. Ke ma mai tsaro, shigo."

Suka kewaye shi. Ya buɗe da kansa, babu mai nuna masa. Yatsansa mai kaushi, mai tabon ƙuna, yana tafiya a kan gilashin a nutse.

"Jiya aka yi mana gwaji na share fage. Na naɗo sakamakon don kar a ce ƙarya nake."

Bidiyon ya nuna jerin ma'aikatan sashensu. Ya gangara ƙasa, inda ya saba samun kansa. Babu shi. Ya hau sama. Ya ƙara hawa.

Na biyu.

Yaya ta daka tsalle har kanta ya bugi fankar da ke rataye.

"Na biyu! Baba na biyu!"

"A duk sashen," in ji shi, yana gyara wuyan riga. "Wanda ya zo na ɗayan ma da kaɗan ya fi ni, kuma shi da waya a hannu aka haife shi."

"Masu dariyar fa?" in ji Auta, tana tafa hannu.

"Ɗaya daga cikinsu ya biyo ni har wurin ajiye kekuna, wai Baba don Allah ya ake juya hoto ya zama fayil. Na ce masa, kar ka ji tsoro, waya ba ta cizo."

Umma ta rangaɗa guɗa, ta manta da maƙwabta. Auta ta rungume Yaya, Yaya ta rungume Umma, Baba na cewa ku yi a hankali za ku taka min kusoshi, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Wallahi yau sai na sa a guruf!" in ji Auta. "Duk ajin sai sun san wane ne Mai Kujerar Baya!"

"A'a."

Yadda ya faɗa ya sa kowa ya tsaya.

"Ko da wasa. Akwai yaran masana'antarmu a ajin nan naki, na ga hotunansu. A wurin aiki babu wanda ya san Malamar nan 'yata ce. In suka sani, ran da na ci jarrabawa za a ce 'yarsa ce ta yi masa. In na ci, Mamana, so nake a ce ni na ci. Ki yi min alkawari."

Ta kalli idonsa. Ba wasa a ciki.

"Na yi alkawari, Baba."

"Ke fa, malamar asibiti? Na san bakinki."

"Na ɗinke shi, Baba."

"Madalla."

Bai rufe baki ba wayar Auta ta ɗauki ƙara. Baƙuwar lamba ce, a layin da take harkar aji da shi.

"Ɗauka mana," in ji Yaya. "Ƙila sabon ɗalibi ne. Ƙila Kawu ne wannan karon."

Auta ta ɗauka tana danne dariya, ta sa a sifika don hannunta duk hawaye ne.

Muryar mace ce, a nutse, irin ta masu ofis. Ta yi sallama, ta tambaya ko da Malama mai darussan waya take magana.

"Ni ce."

"Madalla. Ni ce shugabar sashen horar da ma'aikata a masana'antar roba."

Baba ya miƙe zumbur, har benci ya faɗi. Umma ta dafe ƙirji.

"Malama, ba zan ja ki da nisa ba. Akwai wani dattijo a cikin ma'aikatanmu na lantarki da muka riga muka cire rai da shi. Jiya ya zo na biyu a gwaji. Na kira shi ofis na ce ya faɗa min sirrin, sai ya nuna min bidiyoyinki."

Su ukun suka juya suka kalli Baba. Ya ɗaga kafaɗa, ya motsa baki ba sauti: *ta tambaye ni.*

"Na kalle su duka," matar ta ci gaba. "Na kai wa shugabanni, sun kalla. Mun sallami mai horarwar da muke da shi. Muna so ke ki karɓi aikin. Ki naɗa mana darussa na dukkan sassa, rassanmu duka, ki kuma tsara jarrabawar ƙarshen wata, ke za ki duba ta."

Yaya ta toshe bakinta da hannu biyu tana tsalle a wuri ɗaya. Umma ta ɗaga hannuwa sama. Auta ta jingina da bango. Irin wannan kiran take mafarki tun ran da ta rataya bargon farko.

"Malama? Kina ji na?"

"Ina... ina ji, ranki ya daɗe! Na gode! Wallahi na gode!"

"Mu ne da godiya. Abu ɗaya ya rage, ƙa'ida ce, kowa muna tambayarsa. Tunda aikin mutane ya rataya a kan jarrabawar nan, ba ma ba wa wanda yake da ɗan'uwa a cikin ma'aikatanmu. In kuma aka ɓoye mana muka gano daga baya, shi da ɗan'uwan duka abin zai shafa."

Tsallen Yaya ya tsaya.

Hannuwan Umma suka sauko a hankali.

"Don haka nake tambayarki tun yanzu, kafin in shiga wurin shugabanni da sunanki. Kina da wani naki a masana'antarmu?"



Auta ta kalli Yaya. Yaya na girgiza kai, ba a san me take nufi ba, a'a ko kar ki yi ƙarya.

Ta kalli Umma. Umma ta sunkuyar da kai.

Ta kalli Baba.

Yana tsaye a tsakiyar shagon, tabarau a hannu, yana kallonta irin kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Malama? Layin ne ya katse?"

Baba ya sa tabarau a aljihu. Ya goge hannunsa a jikin riga, ɗaya bayan ɗaya. Ya tako har gabanta ya miƙa hannu.

"Mamana," ya ce, bai ko rage murya ba. "Ba ni wayar nan."



Can cikin sifika matar ta ce:

"Tsaya... wannan muryar ai na san ta. Wa ke tare da ke a wurin?"